Ja da Ɗorawa

A Jidda, can wajen Ubhur, inda iskar teku ke cin ƙarfe,
akwai wani gareji mai sanyi kamar cikin randa.
Makullinsa na aljihuna shekara goma sha tara.
Mota biyu ke kwana ciki, duka 'yan Italiya,
tsakaninsu shekara ashirin da 'yan kai.

Babbar ja ce wur, barkono a kan tabarma.
Da hannu aka ƙera ta, da guduma.
Shafa kafaɗarta ta hagu ka ji,
ta ɗara ta dama tudu kaɗan:
ko maƙerin ya gaji, ko an kira shi cin abinci.
Sitiyarinta katako ne,
ya sha zufar mutanen da ban san sunansu ba.
Ba ta tashi da garaje.
Sai ka taka totur sau biyu, ka dakata, ka yi bisimilla,
ta yi tari irin na dattijo da asuba,
sannan silinda goma sha biyu su haɗa baki
kamar masu sussuka sun sami makaɗi.

Ƙaramar ɗorawa ce, ba ta san lanƙwasa ba,
ko'ina kusurwa, sai ka ce da aska aka fere ta.
Ƙofofinta sama suke buɗewa, fiffiken fara.
A durƙushe ake shigarta,
gwiwa ta gai da haɓa.
Injin na bayan ƙeyarka yana huci,
madubin baya kuwa ado ne kawai.
In za ka ja da baya, ɗaga ƙofa,
zauna a bakinta, ka waiwaya da wuyanka.
Kulocinta ne ya bar min ciwon nan na ƙafar hagu.

Sabi'u ɗan ƙanwata, mai goge tayoyi, ya ce,
"Kawu, ai ɗorawar ta fi gudu, ba a ma haɗawa."
Na ce, gudu zuwa ina?
Daga bango zuwa ƙofa taku arba'in ne,
na ƙirga.

In lissafina bai ɓata ba,
shekarar da ake bugun jar da guduma
Jatau mahaifina na Gadarif yana yankan dawa,
yana tara kuɗin jirgin ruwa a cikin laya,
shekararsa shida da barin Gumel a ƙafa.
Bai taɓa gudu ba, amma ya iso.
Shekarar ɗorawar aka yanke min cibiya a Karantina.
Ni ma da hanzari na taso, da ƙara,
ban iya waiwaye ba sai da aka binne shi.

Ran Talata mai gida Abu Nawwaf ya sauko,
carbi a hannu, ƙamshin turare na biye da shi.
"Ya Harisu, ɗaya za ta tafi gwanjo.
Kai ka san cikinsu. Wacce?"

Na dubi ɗorawar, tana sheƙi, ba laifi ko ɗaya.
Na durƙusa gaban jar, na jawo kwalin da ke ƙarƙashinta,
na nuna masa ɗigon baƙin mai,
faɗinsa bai wuce kwabo ba.
Na ce, wannan tana yoyo, ranka ya daɗe,
mai saye zai karya mata daraja.
A bari sai an gyara.

Ya gyaɗa kai, ya haura.

Ban yi ƙarya ba, tana yoyo.
Na san daga ina, na san notin,
sifana mai lamba goma ta ishe shi.
Shekara huɗu ke nan ina canza kwali.
Sabi'u ya kalle ni, ya buɗe baki,
na ce, ɗauko tsumma, yaro,
ɗorawar za ta yi baƙi.